Kwalin Tarka da Kwalin Falanko

Zuwa ga ɗiyata Balki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Damagaram lafiya, ba ciwon kai, ba jirin mota. Kakarki tana gaishe ki, ta ce a faɗa miki kada shinkafar birni ta sa ki raina tuwo. Na cusa takardar cikin ƙullin kayanki, ƙarƙashin garin kuka, don na san in na tsaya gabanki bakina ba zai buɗe ba. Ba a daɗe da yaye ki ba yayata ta rasu ta bar mini ke, lokacin ni ma yarinya ce. Na goya ki, na yi miki kitso, na raka ki lakkwal, wato makarantar boko, amma ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. Yau zan yi, da alƙalami.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Kakarki. An taɓa kiran wata mata ɓarauniya a gabana, cikin taron jama'a, alhali ba ta ɗauki komai ba. Ta bar layin madara da ɗanta mara lafiya a bayanta. Hannuna ne ya jawo mata, kuma da aka tambaye ni sai na ce ban sani ba.

Ga abin da ya sa nake tono shi yanzu. Ranar da kika dawo daga koyon aiki kin zauna a tabarma kina ba mu labarin injin nan da kuke kira odinatar. Kin ce furojen, shirin lafiyan nan da ya ɗauke ki aiki, zai kwashe katunan yara na gidajen likitan yankin Damargu duka ya zuba a cikinsa, su zama babban tabulo guda, kowane yaro da layinsa: sunansa, sunan uwarsa, garinsu, allurar rigakafin da aka yi masa da wadda ta rage. Kin ce tabulon ya yi wa faifan injin girma, kuma in an tambaye shi yaro ɗaya sai ya bi layi-layi tun daga sama, mutum ya dafa shayi ya shanye bai samo ba. Don haka shugabanku ya ce a yanka tabulon, kowane gari da ɓangarensa. In an nemi yaron Falanko, injin ya tafi ɓangaren Falanko kai tsaye, ya ƙyale sauran.

Kakarki ta ce, "Ashe sai yanzu Nasara suka gano rumbu! Mu tun tale-tale ba ma zuba gero da dawa wuri ɗaya." Kika yi dariya. Ni na tashi na ce zan duba tukunya.

Kin ƙara wata magana a gurguje, kamar ba komai ba ce. Kin ce injin ba ya karɓar layin da ba shi da gari, don bai san ɓangaren da zai kai shi ba. Kwana kaɗan bayan haka manjonmu na yanzu, shugaban gidan likitan da nake aiki, ya kira ni. Ya ce katunan ƴaƴan makiyaya da na bar gurbin garinsu fanko, in bi su ɗaya-ɗaya in cike kafin motar furoje ta zo kwasar kwalaye.

Na ce, "Manjo, ba su da gari."

Ya ce, "To ki ba su mana. Ki sa wanda ya fi kusa da inda kika gan su. Wa zai bincika?"

Katunan nan a teburinki za su sauka, ke ce za ki buga su cikin injin. Shi ya sa dole ki ji yadda na yi nawa rabon.

Shekarar farin farko ce, wadda shanu suka ƙare. Na fito lakkwal ke nan da sartifikata, ko idon ƙanin ubana ba na iya kallo. Aka kafa rumfa a bayan gidan likita ana ba yara madara da kunu. Ana neman wanda ya iya rubutu, mushe, malamin ajinmu, ya nuna ni. Aikina in zauna a bakin rumfa da kwali guda, kowane yaro da katinsa a ciki. Uwa ta faɗi suna, in zaro katin, a ɗora yaron a sikeli, in rubuta nauyinsa, a zuba mata.

Da fari kwalin ko rabi bai kai ba. Sai mutane suka soma gangarowa daga arewa, Fulani da Buzaye, wasu da jaki ɗaya, wasu da ƙwarya kawai. Kwali ya cika har katunan suka daina tsayawa. In mace ta faɗi suna sai in bi su tun daga na gaba, ga Muhammadu ba iyaka, ga A'i ba iyaka. Layi ya kai bakin kasuwar dabbobi, rana tana dukan yara a bayan iyayensu. Gardin da ke tsaron layin, Ɗan Tanko, yakan leƙo ya ce, "Malama Hawainiya, in kin gama da wannan ki aiko a gaya mana, mu yanka rago." Matan su yi dariya, ni in sunkuya in ci gaba da nema.

Manjon wancan zamani dogo ne mai saurin fushi, amma ba mugu ba ne. Ya ce mini, "Ke yarinya, raba su. Ga kwalayen madara nan birjik ba komai a ciki. Raba su yadda za ki riƙa samowa da wuri." Bai faɗa mini da me zan raba ba, ni kuma ban tambaya ba. Ranar Juma'a da ba a ba da madara na zauna na raba su gari-gari: kwalin cikin gari, kwalin Tarka, kwalin Falanko, kwalin Belbeji, da na sauran ƙauyuka. Washegari layi ya yi gudu, kafin azahar an sallami kowa. Manjo ya ce wa Ɗan Tanko ya nemi wata hawainiyar. Na dawo gida na ɗauke ki ina juyi da ke a tsakar gida, Kakarki tana tambaya ko miji na samu.

Ki yi hankali da wannan daɗin, Balki, don ke ma za ki ji shi. Ranar da kuka yanka tabulonku injin zai yi sauri, shugaba zai yaba, kowa ya ce an gama. Ba a ranar ake gane rabo ba. Ni da tambaya ɗaya na raba mutane: "Daga ina kike?" Ni ƴar gari ce, in an yi mini ita amsata ɗaya ce har in mutu. Bai zo mini a rai ba cewa akwai wadda amsarta take sakewa da wata. Kafin ki raba abu, ki dubi abin da za ki raba shi da shi, ki ga yana zaune ne ko yana tafiya.

Sunan matar Dado. Bafulatana ce doguwa, da manyan zobban tagulla a kunne, tana goye da yaro Sambo wanda kansa ya yi wa wuyansa nauyi. Hausarta ta kasuwa ce. Zuwanta na farko na ce daga ina, ta faɗi sunan wata rijiya, wata mata a layin ta ce ai wajen Tarka ne. Na rubuta Tarka. Ta yi makonni tana zuwa, yaron ya fara zama da kansa, har yana miƙo hannu zai ƙwace mini alƙalami. Sai ta ɓace. Aka ce mijinta ya ji labarin ciyawa a kudu, ya kora ƴan shanun da suka rage.

Bayan wasu watanni ta dawo, ba miji, ba shanu, yaron ya koma yadda ya zo da fari. Na ce, "Daga ina?" Ta ce, "Falanko." Gaskiya ta faɗa, daga can ta taso. Na duba kwalin Falanko, babu Sambo.

Balki, na gane ta. Na gane zobban, na gane yaron. Amma kwalin Tarka yana can ƙarshen benci, Ɗan Tanko ya ɗora ƙafarsa a kai yana hira, in na ce ya matsa ya sami abin yi mini ba'a har la'asar. Layi kuma yana jira. Na zaro sabon kati na rubuta: Sambo ɗan Dado, Falanko. Na ce a raina ba komai, ai sau ɗaya take karɓa.

Kwali ba ya ganin cikin ɗan'uwansa. Da katunan suna wuri ɗaya, da ina bincike na ci karo da na farkon ko ba na so. Da na raba su, kowane kwali ya zama mai gaskiya a kansa, in kin duba na Tarka Sambo ɗaya ne, in kin duba na Falanko Sambo ɗaya ne. Kuskuren ya zauna a tsakaninsu, inda ba mai leƙawa. Ki tambayi masu injinku: in yaro ɗaya ya shiga ɓangare biyu, wa zai gani, kuma yaushe? In sun ce ba zai faru ba, ki sake tambaya. Kuma in idonki ya gane mutum, kada ki yarda kwali ya ce miki baƙo ne.

Madara ta soma ƙarewa kafin lokacinta. Kowa a garin ya san ana ganin garin madara a kasuwa ana aunawa da gwangwanin tumatir, kuma ba daga ƙwaryar matan daji yake fitowa ba. Amma aka matsa wa manjo daga sama. Shi kuma ya ce a tara kwalaye duka gaban rumfa a bincika ko akwai mai cin rabo biyu. Suka baje katunan a tabarma, shi da mai tsaron mangaza inda ake ajiye buhunan. Layi yana tsaye yana kallo. Rana ta take suka samo.

Manjo ya ɗaga katunan biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya ce, "Wace ce Dado?"

Ta fito daga layi tana gyara goyo.

Ya ce, "Ke ƴar Tarka ce ko ƴar Falanko?"

Ta ce, "Ni ta daji ce, Likita."

Aka kwashe da dariya. Mai mangaza ya ce, "Kun ji ko? Da safe ta Tarka, da yamma ta Falanko. Gobe sai ta ce daga Makka ta taho."

Ɗan Tanko ya ce, "Haba ƴar Fulani, nono ya ƙafe kin koma tatsar gwamnati? Ɓarauniya da goyo, yau na gani."

Ta sauke ƙwaryarta ta nuna musu. Ta ce, "Ƙwarya ɗaya gare ni, ga ta. Ku tambayi yarinya, ita ke rubutawa."

Duk suka juyo kaina. Manjo ya ce, "Ke, sau nawa take karɓa?"

Amsar tana bakina: sau ɗaya. Da ya juya katin Tarka ma da ya ga an daina rubutu a kansa tun kafin a buɗe na Falanko. Amma in na faɗa, tambayar da za ta biyo ita ce wa ya yi kati biyu, kuma a gaban wannan taron. Na dubi yatsun ƙafata. Na ce, "Ban sani ba, Manjo."

Dado ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini. Ta juye kunun da aka riga aka zuba mata cikin kwanon wata tsohuwa da ke kusa, ta kife ƙwaryar a ka, ta bi hanyar kasuwar dabbobi. Manjo ya ɗaga murya ya ce, "Dawo! A yaga ɗaya a bar ɗaya, shi ke nan!" Na ce miki ba mugu ba ne. Ba ta waiwayo ba. Bafulatanar da aka kira ɓarauniya a gaban mutane ba ta komawa wurin ko da za ta mutu, kuma duk wanda ke tsaye a nan ya san haka.

Ban san ko Sambo ya rayu ba. Har yau ranar kasuwa ina duban samarin Fulani masu kawo awaki, ina ƙiyasta shekarunsu. Madarar kuwa ta ci gaba da ƙarewa bayan tafiyarta, ba wanda ya sake cewa a tara kwalaye. Mai mangaza ya yi gidan siminti, ya je Makka da gaske. In na gamu da shi a hanya ni ke fara gaisuwa, har da durƙuso.

Tun ina ƙarama ake yabona da kunya. Ni ma a kanta na hore ki, kuma da mata suka ce kin gado ni na ji daɗi. Kunyar da ke hana ki ɗaga murya a gaban manya ko cin abinci a kan hanya, ki riƙe ta, ado ce. Amma abin da ya hana ni ce wa gardi ya ɗaga ƙafarsa daga kan kwali ba kunya ba ce. Tsoron dariya ne, na sa masa suna mai kyau. A biro, ofishin da za ki zauna, maza sun fi yawa, sun fi ki karatu, wasu za su sa miki suna kamar yadda aka sa mini. Su yi ta sawa. Ni sunan hawainiya na guje wa, ga abin da na saya da shi.

Bayan fari aka riƙe ni aiki a gidan likita, ina kula da katunan awo da na rigakafin yara. Na rantse ba zan sake raba mutane da gari ba. Na ba kowane yaro lamba, na rubuta a guntun kwali, uwa ta rataya masa da zare kusa da layarsa. Kwalayen kuma na raba su da lambar, daga kaza zuwa kaza a wannan, daga kaza zuwa kaza a wancan. Lamba ba ta ƙaura. Ko daga ina uwa ta taso, in duba wuyan yaron in tafi kwalinsa. Kwalayen ma suka yi kai ɗaya, ba kamar da ba, da kwalin cikin gari shi kaɗai ya fi sauran duka nauyi, na wasu ƙauyukan kuma kati biyu-uku ne ke kwance a ciki. Na ɗauka na gama wayo.

Sai ƙyanda ta ɓarke a wani ƙauye. Likita ya zo daga Damagaram ya ce in ba shi sunayen yaran ƙauyen da ba a yi wa rigakafi ba, yanzu-yanzu, mota tana jira. Yaran ƙauyen kuwa suna warwatse cikin kowane kwali. Na zazzage su duka a ƙasa ina tsinta, gumi yana ɗiga a kan katunan. Ya dubi agogo ya gaji. Ya ce, "Wa ya raba su haka?"

Wannan karon na ce, "Ni ce, Likita."

Ya ce, "Kin yi wa kanki sauƙi, kin yi mini wuya."

Motar ta tafi da rabin sunayen. Ban tambayi abin da ya sami sauran ba, don ba na son ji.

Gaskiyar likitan ne. Ban taɓa ganin rabon da bai cuci wani ba. Kowane rabo tambaya ɗaya yake amsawa da sauri, sauran tambayoyin sai ya sa ki zazzage kwalaye. Don haka kada ki tafi ki ce wa shugabanku rabon gari-gari wauta ne. Ba wauta ba ne, masu kai allura gari-gari suke bi, yana da dalilinsa, kuma ya san injin fiye da ni da ke. Abin da nake so ki sani shi ne wa rabon ya bari a waje, don a yi masa wuri. Bayan ƙyandar na buɗe ɗan littafi, kowane gari da lambobin yaransa, don in an tambaye ni ta gari in san kwalin da zan buɗe. Ya ninka mini aiki, kowane yaro sai na rubuta shi wuri biyu. In injinku yana da irin wannan, kada ki yi ƙyashin wahalarsa.

Saura ɗaya, gajere ne. Katunan yaran da suka girma suka daina zuwa, nakan fitar da su in ɗaure shekara-shekara, yadda Kakarki ke yi da rumbunanta, na bara dabam, na bana dabam. A fari na biyu, kina tuna shi, kina ajin ƙarshe, aka buƙaci ɗakin da nake ajiye su don buhunan taimako. Aka ce a fitar da tsofaffin shekaru. Ba wuya, ga su a ɗaure tsaf, ɗauka ɗaya. Da hannuna na miƙa su aka ƙona a bayan katanga, har ina jin daɗin ɗakin ya yi fili. Damina ba ta zagayo ba wani dattijo ya zo daga wajen Belbeji a kan raƙumi. Ɗansa zai zauna jarrabawa, ana neman shaidar shekarunsa, kuma ya tuna nan aka taɓa auna shi yana jariri. Ya ce, "Ƴata, ai ke ce kika rubuta, na gane ki." Na ce masa an ƙona. Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ya kama akalar raƙuminsa.

Rabo yana sa zubarwa ta yi sauƙi ƙwarai. Da katunan a cakuɗe suke, da ƙyuya kaɗai ta hana mu ƙona su. Kin ce a injinku da taɓa maɓalli ake share ɓangare guda ɗungum. Ranar da aka ce ki share tsohuwar shekara don faifai ya cika, ki kwafe ta wani wuri tukuna, ki rubuta a bayansa abin da ke ciki, ko da an ce ɓata lokaci ne.

Yanzu mu dawo kan katunan makiyaya. Tun bayan Dado, in uwa ta zo na ga ta daji ce, ba na tambayarta daga ina. Ina barin gurbin gari fanko. Ina rubuta lambar yaron, da sunan arɗonsu ko na danginsu, don wannan ba ya sakewa da damina. Suna da kwalinsu su kaɗai. Manjoji sun zo sun tafi ba wanda ya damu, sai yanzu da inji ya ce ba ya so.

Na san abin da zai faru in na cike. Na sa wa yaro Falanko don a kasuwar Falanko aka fara ganinsa. Injin ya fitar da takarda, masu allura su je Falanko su yi ta kiran sunansa, ba shi, su rubuta ba a same shi ba. Uwarsa kuwa tana can wajen Belbeji, ta kai shi, a duba ɓangaren Belbeji, babu shi, a buɗe masa sabon layi. Ko a yi masa allurar sau biyu, ko kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ya yi. Wata rana wani babba zai sa a tara ɓangarorin a bincika, ya ga suna biyu-biyu, ya ce makiyaya ba su da gaskiya. A wannan karon ba ma za a sami yarinyar da za a juyo a tambaya ba, sai a ce inji ne ya faɗa.

Ban cike ba, Balki. Ko ɗaya. Na jera su yadda suke, na ɗaure kwalin da igiya, na rubuta a bayansa "Masu tafiya", na sa shi cikin sauran. Manjo ya ga kwalaye a ɗaure bai buɗe ba, ni kuma ban gaya masa ba. Kin ga hali, har yanzu bakin nan nawa bai warke ba, hannuna kaɗai ya iya ƙi. Kwalin yana cikin motar da ta kawo ki, mai yiwuwa ma a kansa kika jingina. In magana ta dawo daga Damagaram za a san ni ce, kuma in aikin ya tafi ya tafi. Akwai gonar Kakarki, ban manta riƙon hauya ba.

Ranar da kika kwance igiyar injin zai ƙi katin farko. Kina iya buga sunan kowane gari ya wuce, ba mai sani, ko ni ba zan sani ba. Kina kuma iya tashi ki ɗauki katin ki je gaban shugabanku, ki ce masa akwai yaran da ba su da gari, a yi musu nasu ɓangaren, a riƙa neman su da lamba ko da sunan arɗo, kuma in ba a sami yaro a ɓangaren wani gari ba a leƙa nasu kafin a buɗe sabon layi. Wataƙila ya saurara. Wataƙila ya ce ƴar ƙauye daga zuwanta tana koya masa aiki, kuma ke sabuwa ce, ba a riga an tabbatar da ke ba. Na san wannan duka. Kayan da na kasa ɗauka ina shekarunki shi na ɗora miki, ba tare da na tambaye ki ba. Ba adalci ba ne, kuma ba zan ce adalci ne ba. Ki yafe mini.

Ki gaida matar kawunki da za ki zauna a wurinta, ki riƙa taya ta aiki kafin ta ce. Kada ki bar salla ta wuce ki don inji. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da sharrin mutum da na aljan, ya kare ki daga ciwon birni da abokan banza, ya sa ki dawo mana da ƙafafunki. Allah ya buɗe miki bakin da ni na rufe. Amin.

Innarki,
Hauwa